Bayan bugu: nahawun sakamakon faɗa a labarin zane na sadaukai, daga Strong Female Protagonist zuwa yaƙin Kawsan a Agadas

0. Gabatarwa

A wannan ƴar maƙala muna so mu duba wata tambaya wadda asalinta ta adabi ce, amma kayan aikin da za mu riƙa na nahawu ne. Tambayar ita ce: idan sadauki ya kai bugu a cikin labarin zane (bande dessinée), wa labarin yake bi bayan bugun, wanda ya buga ko wanda aka buga? Da kalmar «sadauki» muna nufin abin da Faransawa ke kira super-héros, wato jarumin da ƙarfinsa ya wuce na ɗan Adam. Kowane ɗan murabba'i na zane (case) kuwa za mu kira shi «gida», kamar gidan dara.

Abin da ya jawo hankalinmu ga batun shi ne yadda samari a fada-fadar Agadas, wajen shan shayi, suke tura wa juna irin waɗannan labarai da finafinansu ta salula, wasunsu ma suna gwada zanawa. Garin kuma yana da nasa sadaukin, wato Kawsan (Kaocen), wanda ko ba daɗe ko ba jima wani zai zana shi. Don haka tambayar da muka yi a sama ba ta Amurka kaɗai ba ce.

1. Abin da Hausa ta tanada

Bari mu fara da waɗannan jimloli:

(1) a. Sadauki ya bugi mutumin.
b. Ya karya masa ƙafa.
c. Ƙafar ta karye.
d. Mutumin ya gurgunce.
e. Yana kwance shekara uku, ƙanwarsa ce ke jinyarsa.

Tesnière (1959) ya kwatanta aikatau da ɗan ƙaramin wasan kwaikwayo mai ƴan wasansa (actants). Idan muka bi wannan kwatanci, za mu ga cewa a (1a) da (1b) sadauki ne babban ɗan wasa, shi ne aikau. Daga (1c) kuwa ya fita daga jimla gaba ɗaya, kuma ba ya komowa. Aikatau «karye» da «gurgunce» suna cikin aji na 4 bisa rabon Parsons (1960), ajin da ke nuna cewa aiki ya kai iyakarsa. Hausa tana da jerin irinsu masu yawa waɗanda aikaunsu shi ne wanda abin ya faɗa wa: makance, kurumce, haukace, tsiyace, lalace. Abin lura game da lokaci shi ne, (1a) ƙiftawar ido ce, amma (1d) ba ta da ranar ƙarewa. A (1e) kuma wata sabuwar ƴar wasa ta shigo, wadda ba ta wurin faɗan, ba ta kuma san hawa ba balle sauka, amma ita ce za ta biya da shekarunta.

Haka abin yake a wajen amsa-kama (idéophone). Akwai masu kama ƙarar aiki a daidai lokacin da yake faruwa, akwai kuma masu kama halin da aikin ya bari:

(2) a. Ya mare shi tas. Ya faɗi tim.
b. Gidan ya rushe rugu-rugu. Jini male-male. Yana kwance shame-shame.

Labarin zane yana son rukunin (2a) ƙwarai, har yana rubuta su da manyan baƙaƙe a tsakiyar gida: paf, vlan, boum a Faransanci. Mun taɓa ba ɗalibanmu shafi guda na faɗa, muka ce su mai da shi Hausa. Ba su sha wahala da ƙarar naushi ba ko kaɗan. Da muka ce su ƙara gida ɗaya a ƙarshen shafin su nuna mutumin da aka jefa ta taga bayan mako biyu, sai aji ya yi tsit, domin ba su taɓa ganin irin wannan gida ba a abin da suka saba karantawa. Amma kalmomin suna bakinsu: ɗori, maɗori, ɗingishi, tabo, zaman makoki, takaba ta wata huɗu da kwana goma, maraici, da diyya wadda shari'a ta ƙayyade da raƙuma 100, abin da ba sai an yi wa mutumin Abzin bayaninsa ba.

Ma'aunin da za mu riƙe ke nan. Labarin da ya ɗauki sakamakon faɗa da gaske shi ne wanda ya ba jimlolin (1c) zuwa (1e) gidaje nasu na kansu.

2. Jini da shiru

McCloud (1993) ya nuna cewa babban aikin labarin zane yana faruwa ne a cikin farar tazarar da ke tsakanin gida da gida, inda mai karatu ke cike abin da ba a zana ba. Tsohon labarin sadaukai a cikin wannan tazara yake jefa duk wanda aka buga. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Powerman, wanda aka riƙa bugawa don kasuwar Nijeriya daga 1975 zuwa 1977, Turawan Ingila biyu, Dave Gibbons da Brian Bolland, suna zanawa bi da bi. Sadaukin yana tashi sama, ba abin da ke cutar da shi sai saran maciji, kuma masu bugawa sun sa an lamba wa kowane gida lamba don suna ganin mai karatu na Afirka zai ɓace a hanya. Mugu ya sha naushi, gida na gaba an wuce wurin.

Kada mu ɗora wa baƙi laifin duka. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa (1951), wanda tushensa labarin Ilya Muromets ne na Rasha, ya fara da yaro marar ƙafafun tafiya da aka warkar ya zama gagara-badau a fadar Sarki Waldima. Wato labarin ya bi jerin (1) ta baya: daga gurgunce zuwa buga. Rundunonin da Iliya ya karkashe kuwa adadi ne kawai.

Wani abin sha'awa shi ne, Gibbons ɗin da ya zana Powerman shi ne ya zana Watchmen na Alan Moore a 1986 da 1987. A cikin Watchmen an cire rubutun ƙarar bugu, rukunin (2a) ke nan, sannan babi na 12 ya buɗe da cikakkun shafuka shida na gawarwaki a titunan Niyok. Hannu ɗaya, shekara goma tsakani. Daga nan ne aka samu ɗabi'ar da ta yi yawa daga baya, ta ɗaukar yawan jini a matsayin gaskiya. Invincible na Robert Kirkman (2003 zuwa 2018), wanda fim ɗinsa na zane ya fara fitowa a 2021, shi ne misalin da samari suka fi sani. A ganinmu jinin da ke cikinsa amsa-kama ce kawai ta rukunin (2a) da aka rina ja. Ana yi wa jarumin jina-jina, ya yi kwanakinsa a asibiti, ya tashi garau. Mutanen gari da suka mutu a faɗansa da mahaifinsa kuwa, aikinsu a labarin shi ne su nuna mana muguntar uban.

3. Strong Female Protagonist

Wannan labari ya bambanta, shi ya sa za mu daɗe a kansa. An riƙa sa shi kyauta a intanet, shafi bayan shafi, daga 2012 har ya tsaya a 2018. Rubutun na Brennan Lee Mulligan ne, zanen na Ostertag. Jarumar, Alison Green, wadda aka sani da laƙabin Mega Girl, tana da ƙarfin da ba a iya gwadawa da jikin da makami ba ya ci. Tun tana ƴar yarinya aka sa ta faɗa da miyagu, sai ta cire abin rufe fuskarta a bainar jama'a ta daina, ta shiga jami'a a Niyok. Ke nan labarin ya fara ne a inda sauran suke ƙarewa, bayan an gama bugu.

Wurare uku ne suka fi ɗaukar hankalinmu. Na farko, wani malaminta na jami'a yana nuna mata ƙiyayya ba tare da ta san dalili ba, daga baya ta gano cewa makusancinsa ya mutu a ɗaya daga cikin faɗace-faɗacenta na da. Ba ta ma san da mutumin ba. A ranar da abin ya faru yana cikin farar tazara. Sai bayan shekaru ya fito ya samu gida, ta bakin wanda ya bari. Kuma malamin ne ya rasa aikinsa a ƙarshe, abin da ya ƙara wa jarumar nauyi maimakon ya rage. Wannan shi ne (1e) sak.

Na biyu shi ne Cleaver, tsohon abokin gabarta, wanda hannuwansa wuƙaƙe ne, jikinsa kuma yana cutar da shi kansa. A tsohon salo da an kayar da shi an manta. A nan Alison tana zuwa inda aka tsare shi a ɗaure, suna hira, har ta faɗa masa cewa bambancinta da shi bai kai yadda mutane ke zato ba. Na uku ita ce Feral, wadda jikinta ke warkewa nan take daga kowane rauni. Ta zaɓi ta kwanta likitoci su riƙa cire sassan jikinta ba dare ba rana ana dasa wa marasa lafiya, alhali maganin kashe zafi ba ya kama ta. A nan marubucin ya juya nahawun sadaukantaka: sadaukin ya koma karɓau, jarumtarsa duka a cikin «an yanka», «an cire» take. Da Alison ta ga ba za ta iya jure wannan ba, sai ta kama wani saurayi mai suna Max, wanda ke da baiwar ƙara wa baiwar wasu ƙarfi, ta tilasta masa da ƙarfin tsiya ya taimaki Feral. An ceci rayuka masu yawa, amma labarin bai wanke ta ba. Shafuka da dama bayan haka tana fama da abin da ta aikata.

Duk wannan abin yabo ne. Sai dai muna da ƙorafi biyu. Na ɗaya ƙarami ne: surutu ya yi yawa. Akwai shafukan da mutane biyu ke muhawarar falsafa gida bayan gida, zanen ya zama ɗan rakiya, har mai karatu ya ji kamar yana zaune a lacca (mu da muke sana'ar lacca mun san yadda take gajiyarwa). Na biyu shi ne babba. Idan muka ƙirga aikau a jimlolin labarin, Alison ce har yanzu. Ta daina «bugawa», amma ta koma «tunawa», «nadama», «tambayar kanta». Malamin da aka kashe wa makusanci ya shigo ya yi aikinsa, wato ya girgiza zuciyar jaruma, ya fita. Ba mu bi shi gida mun ga yadda yake kwana ba. Wanda aka cuta ya zama darasi ga wanda ya cuce shi. Jikin Alison kuwa ba ya karyewa, saboda haka aikatau na aji na 4 da muka jera ba za su taɓa ɗaukarta a matsayin aikau ba. Labarin ya kai ƙofar (1d), ya leƙa, amma idonsa na wanda ke tsaye ne.

Akwai kuma abin da bai taɓo ba sam, watakila don inda aka rubuta shi. Sakamako a wurinsa lamari ne na mutum ɗaya da zuciyarsa. Ba mu ga garin da aka hukunta dukansa saboda abin da sadauki ya yi ba. Wannan kuwa Agadas ta san shi.

4. Agadas, Maris 1917

Ga labarin yadda aka saba ba da shi. Kawsan, Ba'abzine daga Ikazkazan, ya shiga ɗariƙar Sanusiyya, ya yi shekaru yana yaƙar Faransawa daga wajen Kanem zuwa Fezzan. A tsakiyar Disamba 1916 ya iso Agadas da mayaƙa da bindigogi da igwa da aka ƙwace daga Italiyawa. Sarkin Abzin Tagama, wanda Faransawa suka ɗauka nasu ne, ya mara masa baya. Suka yi wa barikin Faransa ƙawanya kimanin wata biyu da rabi, har Ingilishi da ke Nijeriya suka tsorata suka kawo wa Faransa gudummawa. Ranar 3 ga Maris 1917 rundunar Kanar Mourin ta iso daga Damagaram ta fasa ƙawanyar. Kawsan ya ja da baya cikin duwatsu, ya ci gaba da faɗa, aka rataye shi a Murzuk a 1919. Tagama ya mutu a kurkukun Damagaram a 1920.

Duk abin da mai zane ke nema yana nan: rawani, raƙumi, takobi, igwa, hasumiyar masallaci mai tsawon mita 27, amini a cikin fada, da mutuwa a baƙuwar ƙasa. Har gidan da aka gina wa Kawsan yana tsaye daura da babban masallaci, shi ne ya zama Hôtel de l'Aïr, inda a shekarun yawon buɗe ido baƙi ke hawa soro su kalli hasumiya da maraice. Mai karatu zai lura cewa a sakin layin da ya gabata duk jimlolin irin (1a) da (1b) ne, kuma aikau ɗinsu mutum uku ne kacal.

Abin da ke cikin farar tazara shi ne wannan. Da mayaƙa suka fice, mutanen gari ne suka rage. Sojojin Faransa suka huce a kansu, aka kashe mutane ba shari'a, cikinsu har da malaman da suka nemi mafaka a masallaci. Adadin da masu tarihi suka fi kawowa na waɗanda aka kashe a bainar jama'a a Agadas da Ingal shi ne 130. Bayan haka aka bi Abzin ana kwashe dabbobi, ana tattara mutane ana kora su kusa da bariki ko kudu, don kada ƴan tawaye su sami mai ba su ruwa ko hatsi. Angus Buchanan da ya ratsa ƙasar a 1920, da Francis Rodd a 1922, dukansu sun ba da labarin ƙauyukan duwatsu da suka tarar kango. Raƙuman da ayarin gishirin Bilma ya dogara da su sun ragu ƙwarai, ga wanda yaƙi ya ci, ga wanda aka ƙwace. André Salifou ya tattara yawancin wannan a littafinsa kan Kawsan na 1973, saboda haka ba a ɓoye yake ba. A wajen ba da labari ne yake zubewa.

Mai karatu ya duba lamirin da muka yi amfani da shi yanzu: «aka kashe», «ana kwashe», «ana kora». Lamirin «an» na Hausa, kamar «on» na Faransanci, yana da amfani ga mai son ɓoye aikau, kuma mu ma mun faɗa cikinsa ba da niyya ba. Takardun mulkin mallaka suna da tasu dabarar, kalma ɗaya, pacification, ta haɗiye jerin (1) dukansa. Labarin kishin ƙasa kuma yana da tasa: yana ambaton kisan, amma don ya ƙara wa jarumi haske ya ƙara wa maƙiyi duhu, kamar dai yadda Invincible ke yi da mutanen garinsa. A duka biyun matar malamin da ta shiga takaba a Maris 1917 ba ta da gida ko ɗaya. Zane kuwa, ba kamar jimla ba, ba shi da lamirin «an»: dole mai zane ya ba hannun da ya riƙe takobi launi da fuska. Zai tarar cewa yawancin sojojin da ke cikin barikin, da yawancin waɗanda suka zo tare da Mourin, ƴan Afirka ne ƙarƙashin hafsoshin Faransa. Wannan ma sakamako ne, kuma ba ya shiga labarin fari da baƙi cikin sauƙi.

Ba muna cewa Kawsan bai cancanci girman da ake ba shi ba, ko kuwa laifin kisan Maris yana wuyansa. Wanda ya kashe shi ne ya kashe. Abin da muke cewa shi ne, labarin da ya bi Kawsan zuwa Murzuk ya bar Agadas a baya ya zaɓi aikau ɗinsa, kuma masu karatunsa jikokin waɗanda aka bari ne. Su ne kuma suka ga tawayen da ya biyo bayan abin da ya faru a Cintabaradan a 1990, suka ga yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 da ƙona makamai a Agadas a Satumba 2000, sannan suka ga nakiyoyin da aka binne a hanyoyi a tawayen 2007 zuwa 2009, waɗanda ba su tambayi motar da ta taka su ko ta soja ce ko ta fasinja ba. Yaron da kawunsa ke tafiya da sanda tun wancan lokaci ya san (1d) fiye da Mulligan. Idan aka ba shi Kawsan irin na Powerman zai ji daɗinsa, amma zai koyi cewa labarin kawunsa ba ya cikin abin da ake zanawa.

Dabarar Strong Female Protagonist, ta fara labari bayan an gama faɗa, tana da amfani a nan, in an gyara kuskurenta: shafin farko ya zama safiyar 4 ga Maris, idon labarin kuma ya zama na wanda bai da raƙumin gudu. Saura matsalar harshe, wadda ta fi shafar sashenmu. Kawsan da mayaƙansa Tamajak za su yi, wasiƙun Sanusiyya da Larabci suke, Mourin da Faransanci zai ba da umarni. Mutanen cikin gari fa? Barth ya tarar a 1850 suna da wani harshe dangin Sonrai, Hausa kuma tana matsayin harshen ciniki. Zuwa farkon ƙarni na 20 Hausar ta riga ta mamaye unguwanni. Ke nan gidajen jinya da makoki da rabon gado, in an zana su, da Hausar Agadas za a cika su, karin da har yanzu kwatancinsa a rubuce bai kai na Hausar Adar da Caron ya yi a 1991 ba. Mai zanen zai buƙaci ya zauna da tsofaffin matan tsohon gari ya ji yadda suke faɗin waɗannan abubuwa, mu ma masu nazarin harshe haka.